Koya Wa Yaran Firamare Labarin Yanayi, Ruwa Da Teku: Misali Daga Boɗinga Da Shagari

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, zai fara iske Boɗinga, in ya ƙara gaba ya tarar da Shagari. Galibin mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu manoma ne da makiyaya. Gero da dawa da wake su ne cimarsu, kuma abincin shekara ɗungum ya rataya ne a kan ruwan sama na wata huɗu kacal, wato daga Yuni zuwa Satumba. Daga nan zuwa bakin teku a Legas kimanin kilomita 700 ne a miƙe, a mota kuwa tafiyar ta fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka mafi yawan yaran da ke firamare a wannan yanki ba su taɓa ganin teku ba, sau da yawa ma malaminsu bai taɓa gani ba.

To, ga shi kuwa ana bukatar a koya musu yanayi, da zagayowar ruwa, da teku. Abin da aka saba gani shi ne malami ya zana rana da gajimare a allo, ya ja kibiya sama ya ja wata ƙasa, ya rubuta dogayen kalmomin Turanci. Yara su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su manta. Da yake da yawa daga cikin ɗalibanmu za su zama malamai, wasu kuma tun yanzu suna taimaka wa ƙannensu da karatu a gida, ya kamata mu duba wata hanyar da ta fi wannan. Abin da za mu nuna shi ne, teku ba baƙo ba ne ga yaron Boɗinga ko na Shagari. Daga teku ruwan daminarsa yake zuwa, can yake komawa, kuma ƙasar da yake takawa ta taɓa zama ƙarƙashin teku.

A Fara Da Abin Da Yaro Ya Sani

Yaro ɗan shekara takwas a ƙauye ya riga ya san abubuwa da yawa game da yanayi tun kafin ya shiga aji. Ya san bazara da zafinta, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ya san damina, ya san kaka, ya san ɗari da hazonsa mai fasa leɓe da ƙafa. Ya san bambancin yayyafi da marka. Ya ji manya suna cewa in shamuwa ta iso ta fara sheƙa, to, damina ta ƙarato. Ya ga itacen gawo yana kakkaɓe ganyensa lokacin da sauran itatuwa ke tsanwa. Wataƙila ma kakansa yana lissafin damina da taurari irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kowane da kwana 13.

Wannan duka jari ne, kuma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Darasin farko bai bukatar littafi. Malami ya raba allo gida huɗu, kowane gida da lokacinsa na shekara, ya ce yara su faɗi abin da ake gani, da abin da ake ci, da aikin da ake yi a kowane lokaci. Sa'an nan ya ba su aikin gida: kowa ya tambayi tsoho ko tsohuwar gidansu alamu uku da ake gane zuwan ruwa da su. Washegari a tattara amsoshin a rubuta. Daga nan sai a shiga tambayar da ita ce ƙofar kimiyya, wato, me ya sa haka?

Ina Ruwan Kududdufi Ya Tafi?

Kowane yaro ya ga kududdufin bayan gari cike fal a watan Agusta, ya kuma gan shi ya bushe ƙasa ta tsattsage kafin bazara. In aka tambaye su ina ruwan ya tafi, za su ce dabbobi sun sha, an ɗiba an yi tubali, ƙasa ta shanye. Duk gaskiya ne, amma akwai kaso mai yawa da ya bi iska ba tare da kowa ya gani ba. Ga yadda za a nuna musu. A jiƙa ƙyalle biyu iri ɗaya, a shanya ɗaya a rana, ɗaya a inuwa cikin aji, a sa yara su riƙa dubawa. Na rana zai riga bushewa. Babu akuyar da ta sha, babu ƙasar da ta shanye. Zafin rana ne ya mai da ruwan tururi marar ganuwa, iska ta kwashe.

A nan ne za a kawo zancen randa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Domin jikin randa yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai, ruwa yana tsatsowa ta cikinsu, in ya zama tururi sai ya tafi da zafin da ke ciki. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum. Yaro zai koma gida ya dubi randar uwarsa da sabon ido.

Sai mataki na biyu, wato komawar tururi ruwa. Duk yarinyar da ta taɓa buɗe tukunyar tuwo ta ga ɗigon ruwa a jikin murfi. Tururi ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ruwa. Raɓar da ke jiƙa ƙafa da asuba a lokacin kaka ita ma haka take samuwa. To, a sama ina murfin yake? Sanyi shi ne murfin. Duk kilomita ɗaya da aka hau sama, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. In iska mai ɗauke da tururi ta hau can, sai tururin ya koma ɗigo ƙanana ƙanana a jikin ƙwayoyin ƙura, taronsu shi ne gajimare. In suka haɗu suka yi nauyi sai su faɗo. Yaron da ya yi shakkar cewa akwai sanyi a sama, a tuna masa ƙanƙarar da kan faɗo wani lokaci tare da ruwan farko, alhali ana fama da zafi a ƙasa.

Akwai gwaji guda da ya haɗa waɗannan matakai duka, kuma ba ya cin kuɗi. A zuba ruwa kaɗan a baho, a narka gishiri a ciki, kowa ya ɗanɗana. A ajiye kofi marar komai a tsakiyar bahon, a rufe bakin bahon da farar leda a ɗaure tam, a ɗora ƙaramin dutse a kan ledar daidai saitin kofin. A bar shi a rana daga safe zuwa tashi. Za a ga ɗigo ya taru a jikin ledar, ya gangara ya ɗiga cikin kofin. A ba yara su ɗanɗana: babu gishiri ko kaɗan. Bahon shi ne teku, ledar ita ce sama, abin da ke cikin kofin kuwa ruwan sama ne. Gani ya kori ji.

Daga Ina Hadari Yake Zuwa?

Iska biyu ne ke juya shekara a Afirka ta Yamma. Ta farko tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Hamadar Sahara, busasshiya ƙayau. Ita ce iskar hunturu, kuma yawancin ƙurar da take kawowa daga wani kwari take tasowa a ƙasar Cadi mai suna Bodele, inda a zamanin da Tafkin Cadi ya malale. Ta biyu tana busowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, cike da tururi. Inda iskokin nan biyu suka yi karo akwai iyaka, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin rana: ta hauro arewa daga watan Maris, ta wuce Sakkwato ta shiga can cikin Nijar a watan Agusta, sa'an nan ta juya ta koma kudu.

Wannan shi ya sa damina take fara sauka a Fatakwal da Legas, ta biyo Ilori da Kwantagora, kafin ta iso Shagari da Boɗinga. Shi ya sa kuma take fara ɗaukewa a nan. Fatakwal kan sami fiye da milimita 2,000 na ruwa a shekara, yankin Sakkwato kuwa tsakanin 600 da 700 ne a shekara mai matsakaicin kyau. Ana iya nuna wa yara wannan a filin makaranta. A zana taswirar Nijeriya a ƙasa, a raba aji biyu, rabi su zama iskar hamada, rabi iskar teku, a ba yara biyu igiya su riƙe a tsakani. Malami yana kiran sunayen watanni, masu igiya suna matsawa arewa ko kudu. Duk garin da igiya ta wuce shi zuwa arewa, damina ta kusa gare shi.

Yaro mai lura zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai mu hadari daga gabas yake taso mana." Wannan yaro ya yi gaskiya, kada a kwaɓe shi. Iskar teku mai ɗauke da tururi ƙasa ƙasa take bi. A bisanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Tururin daga kudu maso yamma ya zo, amma in ya hau sama ya zama hadari, wannan iska ta bisa ita ke tura shi yamma. Shi ya sa ake ganin gabas ta yi baƙi, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa. Wasu daga cikin waɗannan hadura suna ci gaba da tafiya har su fita Afirka ta wajen Senegal, su faɗa kan Atlantika, su zama manyan guguwar teku da ke yi wa Amurka ɓarna. Ƙurar Bodele ma tana ƙetare teku har dajin Amazon. Ashe sararin da ke kan Boɗinga a haɗe yake da na duniya duka.

A wannan darasi ne ya dace a koya musu tsare kai. Walƙiya da tsawa tare suke faruwa, amma haske ya fi ƙara sauri. Ƙara tana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku. In yaro ya ga walƙiya ya ƙirga daƙiƙa tara kafin ya ji tsawa, to, tana nesa da kilomita uku. In tazarar tana raguwa, ya nemi ɗaki. Kada ya fake ƙarƙashin doguwar bishiya a fili, kada kuma ya tsallaka ƙorama lokacin da ta kawo.

Ina Ruwan Ya Nufa Bayan Ya Sauka?

Ruwan da ya sauka hanya uku yake bi. Wani ya koma sama, wani ya nutse ƙasa, wani ya gangara.

Na komawa sama mun riga mun gani, sai dai akwai ƙari: itatuwa ma suna fitar da tururi. A ɗaura leda a reshen dogon yaro mai ganye da safe, kafin azahar za a ga ruwa ya taru a ciki. Wani kaso na ruwan da ke sauka a arewa ya taɓa sauka a dazuzzukan kudu, itatuwa suka mai da shi sama, iska ta ƙaraso da shi.

Na nutsewa ƙasa shi ne ruwan rijiya. A huda gindin gwangwani biyu, a cika ɗaya da yashin jigawa, ɗaya da laƙar fadama, a zuba wa kowane kofi ɗaya na ruwa. Na yashi zai zube nan da nan, na laka zai riƙe. Daga nan yara za su gane dalilin da ya sa ake shuka gero a jigawa, shinkafa a fadama. Za su kuma gane cewa ruwan rijiya ruwan sama ne da ya sauka bara ko shekaru masu yawa da suka wuce, ya taru a cikin yashi can ƙasa. In haka ne, duk ƙazantar da aka zuba kusa da rijiya tana iya bin wannan hanya. Shi ya sa ba a haƙa masai kusa da rijiya.

Na gangarawa shi ne mai doguwar tafiya, kuma labarinsa yana da daɗin ji. A Shagari akwai madatsar ruwa a kan Gawon Gulbi, yara sun san ta. Duk ruwan da ya kuɓuce daga ƙoramun wannan yanki yana ƙarewa ne cikin Gulbin Sakkwato, ko kai tsaye ko ta rassansa. Shi wannan gulbi daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kogin Kwara. Kwara ta wuce Yawuri, ta juya injinan lantarki a madatsar Kainji wadda aka gama a 1968, ta wuce Jabba, ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, ta wuce Anaca, ta rarrabu gida gida ta shiga Atlantika. A sa yara su tsaya a kan taswirar ƙasa, kowane ya zama gari ɗaya, su riƙa miƙa wa juna kofin ruwa daga Shagari har teku. In ya kai teku, yaron da ya zama rana ya karɓa ya ba iskar kudu, ta dawo da shi. Sun ga zagayowar ruwa ke nan da ƙafafunsu.

Yadda Za A Kawo Teku Cikin Aji

Abu mafi wuya shi ne sa yaro ya kwatanta girman teku. Teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya. A kawo wake ƙwaya 100, a ce su ne ruwan duniya duka. A ware 97 gefe guda: ruwan gishiri ne na teku. A ware biyu: ƙanƙara ce a daskare a ƙarshen duniya na kudu da na arewa da kan manyan duwatsu. Ƙwaya ɗayan da ta rage ita ce ta rijiyoyi da koguna da tafkunan duniya gaba ɗaya, kuma mafi yawanta ma a ƙarƙashin ƙasa take. Yaron da ya ga wannan ba sai an yi masa dogon wa'azi kan ɓarnar ruwa ba.

Don su san ɗanɗanonsa, a narka cokali biyu na gishiri, babban cokali, a cikin lita ɗaya ta ruwa. Wannan ya yi kusa da giram 35 da ke cikin kowace lita ta ruwan teku. Za su tambaya, in koguna ne ke zuba a teku, ina gishirin ya fito? Koguna suna wanko ɗan gishiri kaɗan daga duwatsu da ƙasa, wanda harshe ba ya ji. In sun kai teku, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, kamar yadda aka gani a baho. Shekaru aru aru ana haka, kuma da yayyafi kogi kan cika. Gishirin Balma da rakuma ke kawowa ma haka ake samunsa: a bar ruwan gishiri a ramuka, rana ta shanye ruwan.

Malami ya nemi wuri, wato kuɗin kakanninmu, ya ba yara su taɓa. Ɓawon wata dabbar teku ne, kuma daga Tekun Indiya aka riƙa kawo shi har ya zama kuɗin ciniki a kasuwannin Daular Sakkwato.

Amma babbar shaida tana ƙarƙashin ƙafarsu. Masana duwatsu sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso inda Sahara take a yau ya rufe ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da kamfanin siminti ya fara sarrafawa a Kalambaina a 1967 daga ɓawon dabbobin wannan teku ya samu, kuma ana ganin siffarsu a jikinsa. A wajen Dange, maƙwabciyar Boɗinga, ana tsintar haƙoran kifayen teku da ƙasusuwan kadoji da suka zama dutse. Akwai ma wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da ƙadangare da aka tono ƙasusuwanta a wannan yanki, a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Sunan garinmu ke nan a littattafan kimiyya na duniya. Ɗan guntun dutse mai ɓawo a jiki, in ya zaga hannun yara, ya fi hoto goma.

Fari Da Teku

Wani zai ce, me wannan ilmi zai ƙara wa ɗan manomi? Amsar tana cikin tarihin fari. Tsofaffi sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu da kakanninmu sun ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, lokacin da gero ya ƙone a gona, shanu suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980.

A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar ciyawa da itatuwa tana iya korar ruwan sama, aka daɗe ana ɗora laifin fari a kan manoma da makiyaya. Daga baya, binciken masana yanayi na Ingila a 1986, da wanda Alessandra Giannini da abokan aikinta suka buga a 2003, ya nuna cewa babban dalilin yana cikin teku. In ruwan tekunan kudu da na Indiya ya yi ɗumi fiye da na arewacin Atlantika, damina ba ta haurowa arewa da ƙarfi yadda ta saba. Wato ɗan canjin zafi a ruwan da yaron Shagari bai taɓa gani ba yana iya hana rumbun gidansu cika.

Wannan bai wanke mai sare itace ba. Itace yana tsare ƙasa daga zaizaya, yana taimakon ruwa ya nutse. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona a riƙa yi masa aski, har itatuwa miliyoyi suka dawo. Haka kuma ba fari kaɗai ne abin tsoro ba. A watan Satumba 2010 ambaliyar Gulbin Rima ta cinye gonaki da ƙauyuka daga Goronyo zuwa Sakkwato, ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yaron da zai yi noma a irin wannan ƙasa yana bukatar ya san yadda ruwa yake tafiya.

Ma'aunin Ruwa A Filin Makaranta

Kowace firamare tana iya zama ƙaramar tashar duba yanayi. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, a tokare shi kada iska ta kayar. Kowace safiya da ƙarfe takwas yara biyu su auna zurfin ruwan da rula, su rubuta a littafi, su zubar. A kafa gora a ɗaura mata ƙyalle, a riƙa rubuta inda iska ta fito. Kafin ƙarshen bazara yara da kansu za su ga ranar da ƙyallen ya juya.

Lissafi ma ya samu a nan. Milimita ɗaya na ruwa daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Saboda haka ruwan milimita 20 a gona mai hekta ɗaya lita 200,000 ne, wato duro 1,000. Rufin aji mai murabba'in mita 50, a shekarar da aka sami milimita 600, yana zubar da lita 30,000, duro 150 ke nan da ake bari su bi ƙasa.

Babban amfanin wannan littafi shi ne lokacin shuka. Kowane manomi ya san baƙin cikin ruwan farko mai yaudara: a yi shuka, ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya mutu, iri ya tafi a banza. Masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun ɗauki damina ta kankama ne in an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba a cikin wata ɗayan da ya biyo. Yaron da ke riƙe da littafin ruwa zai iya gaya wa mahaifinsa cewa ruwan jiya milimita 8 ne kawai. Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, haka ma cibiyar AGRHYMET ta Yamai da aka kafa a 1974. Wanda ya saba da milimita tun yana aji huɗu, shi zai fahimci irin wannan sanarwa in ya ji ta a rediyo.

Harshen Da Za A Koyar Da Shi

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen gida a shekarun farko na firamare. Hikimar a fili take. Yaron da ya gane abu da Hausa ko Fulatanci, ba shi sunansa na Turanci daga baya abu ne mai sauƙi. Wanda aka fara ba shi suna kuwa, ya riƙe ɓawo ne ba ƙwaya.

Garin Shagari yana da abin koyi a nan. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne tun farko. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato a shekarun 1940, ya kuma riƙe shugabancin firamare a Argungu. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa domin ɗalibai su riƙe labarin ƙasarsu cikin sauƙi. Malamin yau ma yana iya sa yara su tsara tasu waƙar ta tafiyar ruwa, da sunayen garuruwan da yake ratsawa, su rera ta da tafi.

Kammalawa

Kayan da muka lissafa su ne baho, leda, gishiri, gwangwani, rula, wake, wuri da guntun dutse. Babu makarantar da za ta ce ta rasa su. Abin da ake bukata shi ne malami mai haƙuri, wanda zai fitar da yara waje, ya saurari tambayarsu, ya kuma girmama abin da suka koyo wurin iyayensu. Muna kira ga ɗalibanmu, a hutun da ke tafe kowa ya gwada ko da gwajin baho da ƙannensa, ya kafa gwangwani a bayan gida. Iyaye kuma in yaro ya zo da tambaya kan hadari ko rijiya, a ba shi amsa gwargwadon sani, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa wa ilmin yaranmu albarka. Amin.